Dan Allah a taimaka, fayil a kan saba baya buɗewa da wuri

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani ofis a Unguwar Rimi, asali akawu aka ɗauke ni amma tunda mai yi ya koma Abuja oga ya ce ai kai ma ka iya, ko sisi ba a ƙara min ba, har janareta ni ke tayarwa. To duk fayilolinmu suna kan saba ɗaya, wato kwamfutar da ke ajiye wa kowa fayil a ofis, tunda muka koma sabon bene in ka danna Excel ɗin albashi sai ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba. Ga ƙarshen wata ya zo, wallahi hankalina a tashe yake.

Ɗan Kawo: Sabis ne kawai, mu ma nan tun safe WhatsApp baya tafiya, ga data kullum ƙara tsada.

Injiniya: Ba ruwan sabis, fayil ɗin ko ƙofar ofis baya fita. Malam wayar netwok ce, wadda ta haɗa kwamfutocin. Duba gudun katin netwok na saba, in ka ga 100 Mbps maimakon 1.0 Gbps magana ta ƙare. Gigabit, wato 1.0 Gbps ɗin, sai silin nan takwas na cikin wayar duk sun haɗu, in an matse kan wayar da garaje sai ya sauko 100, wajen megabayit 12 a sakan kenan. Wa ya ja muku waya?

Mai tambaya: Mai wayarin ɗinmu ne kuma ya san aikinsa, Cat6, wayar netwok mai ɗaukar gigabit, na saya da hannuna.

Maman Biyu: Ƙanena fara kwafe komai a wani faifan ajiya na kwamfuta tukuna. Namu haka ya fara, yana ƙas ƙas a ciki, rana ɗaya faifan ya mutu da aikin mutane, ni aka ɗora wa laifi har yau abin na ci min rai.

Na Tudun Wada: Injiniya Excel mai mega 5 ko a 100 ɗin ai sakan ɗaya ne. Ni antibairos nake zargi, shi ke tsayawa binciken duk fayil ɗin da aka taɓa. Kuma kowa ne ke ganin jinkirin ko masu Wi-Fi kaɗai?

Injiniya: Na ce muku waya ce. Ya kawo guntuwar waya ya jona laftof kai tsaye a suwic, akwatin nan da wayoyin netwok ke haɗuwa, ya kwafi babban fayil, zai dawo ya ba ni labari.

Mai tambaya: Antibairos ɗin na kuɗi ne fa, ba zan taɓa shi ba. Makullin ɗakin saba kuma yana wajen oga, ya yi tafiya Zariya. Wani ya ce in yi fomat kawai, wato in goge komai in fara sabo, ya kuka gani?