Gashin karena ya dunƙule a bayan kunne

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin karen kiwo irin na Shetland, shekararsa 2. Gashinsa hawa biyu ne, kuma na ƙasan, mai laushi kamar auduga, shi ne ya dunƙule a bayan kunnuwa da hammata.

Kullum ina taje shi, ashe saman kawai burushin ke shafa. Na yi masa wanka ko zai warware, sai ruwan ya ƙara ɗaure curin. Jiya na sa almakashi na ɗan yanke shi, yanzu da ya ga mataji sai ya ɓuya. Aski kuwa ba na so, don ba lallai gashin ya dawo yadda yake ba.

Don Allah yaya zan warware curin nan ba tare da na ji masa ciwo ba?