Sa'a ce ko ƙwarewa? Muhawarar da ta biyo bayan koken Hadiza

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Jiya na kare aikina na digiri na biyu, mai jarrabawar da aka gayyato daga waje ya ce in koma in yi gyara. Ƙwayoyin nano na zinki okzaid, wato ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, na haɗa da ruwan ganyen bedi, ina ƙara ruwan ganyen girmansu yana raguwa, awon XRD, wato auna kiristal da hasken X-ray, ya nuna wajen nanomita 30 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Na rubuta cewa na iya daidaita girmansu. Shi kuma ya ce tunda ba hoton TEM, na'urar da ke nuna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, in cire wannan maganar gaba ɗaya. Ina zan samu TEM a kusa? Sai an tura samfur wani gari, a biya kuɗi, a zauna jira. Su Turawan da ake ta kambamawa ai su ma sa'a suka yi, kayan aiki suka fi mu. Don Allah an yi mini adalci?

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da haƙuri ɗiyata. Amma sa'a kika ce? A'a. Je ki duba abin da Moungi Bawendi da ɗalibansa Murray da Norris suka yi a jami'ar MIT ta Amurka a 1993 don haɗa ƙwayoyin kadmiyom selenaid masu girma ɗaya. Sun ɗora sinadarin TOPO, wanda a cikinsa ake dafa ƙwayoyin, a wuta har ya kai wajen digiri 300, babu iska a kwalbar sai iskar agon da ba ta haɗuwa da sinadarai, sannan suka zuƙi haɗin kadmiyom da seleniyom a sirinji suka tsiyaya shi lokaci guda. Nan take irin ƙwayoyin ya ɓarke, zafin ya faɗi saboda sanyin abin da aka zuba, sabon iri ya daina fita. Daga nan suka riƙa ɗaga wutar a hankali, waɗanda suka riga suka tsira su kaɗai ke girma. Kamar geron da aka shuka rana ɗaya bayan ruwan farko, tare zai tashi. Wani masanin kemistiri, LaMer, ya bayyana wannan dabara ta raba tsiro da girma tun 1950. Mutum ya karanta, ya lissafa, ya aiwatar, ki ce sa'a?

Injiniya Kabir Daura: Allah ya gafarta malam, yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Louis Brus fa? Harkar hasken rana yake bi da kadmiyom salfaid a cibiyar bincike ta Bell Labs, ya bar ruwan gwajinsa ya jima a kan tebur, ya dawo ya tarar yadda yake shan haske ya sauya. Ƙwayoyin ne suka girma da kansu. Abin da ya wallafa a 1983 ke nan. In wannan ba sa'a ba ce, mene ne?

Malam Lawal: Mutum nawa ne ruwan gwajinsu ya sauya suka zubar a kwata? Shi ya tsaya ya tambayi dalili. Ido ne, Injiniya.

Injiniya Kabir Daura: To ga wata. Maganar siffa. TOPO ɗin da ake saye mai tsabtar kashi 90 cikin 100 ya fi mai tsabta sosai ba da ƙwayoyi masu kyau, da mai tsabtar girman gudu yake yi ya ƙwace. Daga baya aka gano dattin da ke ciki ne, wasu asid na fosfonik, ke riƙe linzamin. Sai mutanen wani masani, Alivisatos, a jami'ar Bakale ta Amurka suka riƙa zuba asid ɗin da gangan, a 2000 suka fitar da ƙwayoyi dogaye masu siffar sanda. Asid ɗin yana manne wa gefunan kiristal ya hana su faɗi, sai girma ya koma ta tsawo. A shekarar ma suka samu masu ƙafa huɗu. Datti ne fa ya buɗe ƙofar. Sa'a tsagwaronta!

Bashir: Ni dai ina jan hankalinmu. Musulmi ya ce ƙaddara, ya ce Allah ya nufa. Wannan sa'a da kuke ta nanatawa ba ta kwanta mini ba.

Injiniya Kabir Daura: Ustaz, kai ba ka taɓa ce wa ɗalibi Allah ya ba da sa'a ba ranar jarrabawa?

Bashir: Wannan addu'a ce, na jingina ta ga Allah. Ku kuwa kun mai da ita wata aba mai zaman kanta.

Sagir: Ustaz ka bar mu mu ji karatu don Allah, ba a nan za a yi wa'azi ba.

Bashir: Ko'ina ana tunatarwa, Sagir. Ka iya bakinka.

Dakta Rabi: Ku ɗan saurara in amsa wa Hadiza. Ƙanwata, mai jarrabawar bai zalunce ki ba, ko da ya yi zafin baki. XRD matsakaicin girma kawai take ba ki. Tana iya cewa 30 alhali a kwalbar akwai na 10 akwai na 60. Wanda ya ce ya daidaita girma, abin da ake so ya nuna shi ne kusan duka kansu ɗaya, kuma in ya sake gwajin gobe haka zai fito. Ganyen bedi na damina ba ɗaya yake da na rani ba, ba ki san adadin abin da ke manne wa ƙwayar ba. Ga kuma lokacin dafawa: muddin sinadari yana da yawa a ruwan, ƙananan suna girma da sauri su kamo manyan. Da ya ƙare sai ƙananan su fara narkewa manyan su cinye su, girman ya warwatse. Shi ya sa a 1998 Peng da abokansa suka nuna in aka ƙara allura ta biyu girman yakan sake haɗewa. Ki rubuta cewa matsakaicin girma ya ragu da ƙarin ruwan ganye, wannan kin tabbatar da shi. Kada kuma ki kira su ɗigon kwantam, wato ƙwayoyin da girmansu ke sauya hasken da suke sha ko fitarwa, a zinki okzaid sai an sauko ƴan nanomita kaɗan ake ganin wannan halin.

Nura: Duk kuna ta Bawendi. Alexei Ekimov ne ya fara, a Leningirad, 1981, da kofa kulorayid cikin gilashi. Da zafin tanda da tsawon lokacin gashi ya daidaita girmansu. Ɗan fiziks ne. Amma a 2023 aka ba shi da Bawendi da Brus kyautar Nobel a ƙarƙashin kemistiri. Ƴan kemistiri kun saba cin gumin wasu.

Malam Lawal: Nura, abin da ke daskare cikin gilashi wa zai iya ɗebo shi ya yi aiki da shi? Mu muka sa shi a ruwa. Kadmiyom selenaid mai nanomita 2 zuwa 3 ya ba da shuɗi ko kore, mai wajen 6 ya ba da ja, sinadari ɗaya. Talabijin ɗin QLED da ake sayarwa a shagunan titin IBB, hannun ɗan kemistiri ne a ciki.

Nura: Wa ya yi muku lissafin da ya bayyana dalilin launin?

Sagir: Ni abin da ya burge ni Bawendi ɗan Afirka ne, namu ne.

Nura: A Faris aka haife shi, 1961. Mahaifinsa ne ɗan Tunisiya, masanin lissafi. A Amurka ya yi karatu.

Sagir: Ɗa ai na uba ne. Ko a Daura aka haifi ɗanka Bakatsine ne.

Injiniya Kabir Daura: Kai Sagir, me Daura ta yi maka? Ku Katsinawa komai sai kun ja shi gidanku.

Malam Lawal: Mu muka fitar da shugaban ƙasa malamin kemistiri, marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa, Allah ya jiƙansa. In muna maganar fanninmu ka saurara, Injiniya.

Injiniya Kabir Daura: Amin. Mu kuma sai ka ƙirga namu. Amma har yanzu Malam bai amsa maganar dattin TOPO ba.

Hadiza: Ni dai tambayata ita ce in cire maganar ko in nemi kuɗin TEM. Dakta na gode, zan kira ki.

Bashir: Ki janye kalmar sa'a tukuna.

Malam Lawal: A matsayina na mai kula da zauren nan zan taƙaita in rufe, dare ya yi. An tattauna ko sa'a ce ta kai masana ga daidaita girma da siffar ƙwayoyin nano, kuma hujjoji sun nuna ƙwarewar ƴan kemistiri ce: zafin da aka auna, allurar da aka yi a kan lokaci, da sinadarin da aka zaɓa ya manne wa fuskar kiristal. Misalan da Injiniya ya kawo ma ƙarfafa wannan suka yi, domin mai ilimi ne ya gane amfanin dattin. Maganar Nura ta fiziks ba ta cikin batun. Ustaz ya yi tunatarwa, mun karɓa. Ita kuma Hadiza ta bi shawarar malamanta. Wanda ya sake tayar da zancen Katsina da Daura zan cire shi na mako guda.