Hutun iyali a Alƙahira da ƙaramin guzuri: wanda ya je ya faɗa mana yadda ya yi

Maman 'Yan Biyu, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ni da maigidana muna zubin adashi da niyyar mu fita da yara ko da sau ɗaya ne kafin babbar ta gama sakandare. Mun tsayar da shawara a kan Alƙahira, saboda akwai jirgi kai tsaye daga nan Kano, ga abincin halal ko'ina, yaran kuma suna ɗan taɓa Larabcin Islamiyya. Mu shida ne: mu biyu, 'yar shekara 14, ɗan shekara 9, sai tagwaye masu shekara 4. Kwana goma muke so mu yi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma babban abin da nake tsoro shi ne mu dawo da bashi a wuya. Don Allah duk wanda ya taɓa zuwa da iyalinsa ya faɗa mini inda kuɗinsa suka fi tafiya, da abin da zai gyara in da zai sake komawa.

Baban Yara, Kaduna

Wa alaikumus salam Hajiya. Mun je a watan Disamba, ni da uwargida da yara uku. Fiye da rabin abin da muka kashe a tikitin jirgi ya tafi, don haka daga nan za ku fara lissafi. Mun ɗauko EgyptAir daga Kano, tafiyar ba ta kai awa biyar ba. Na sayi tikiti saura wata uku, wani abokina da ya saya saura sati biyu kuwa ya ji a jikinsa. Tagwayenki sun wuce shekara 2, kowannensu sai an saya masa kujera, kada ki sa ran za a ɗauke su a cinya.

Biza a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja muka nema, kowane yaro da fasfonsa. Ku ba abin lokaci. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, kowa ya riƙe nasa.

Abin da ya cece mu shi ne gida muka kama maimakon otal. Ɗaki biyu da falo da kicin, da firji da injin wanki, a unguwar Dokki. A otal sai mun kama ɗaki biyu, kuma kullum sai an sayi abinci sau uku. A gidan nan da asuba nake sauka, in sami mai gurasa ya shimfiɗa ta a kan wani keji na itace tana tururi, in sayo da ful, wato waken nan da suke dafawa ya yi luguf a cikin wata tukunya mai dogon wuya, a zuba masa mai da lemon tsami. Da shayi shi ke nan an karya. Uwargida ta tafi da yajinta da kuka da daddawa da garin tuwo kaɗan, saboda autanmu ba ya yarda da baƙon abinci da daddare. Kuɓewa da lalo duk akwai su a kasuwa, lalon shi ne suke kira mulukiyya. Zoɓo ma suna sha sosai, karkade suke ce masa.

Kuskurena ɗaya: na raina sanyin. Gidajensu tayil ne, babu abin ɗumama ɗaki, da dare sai ka ji kamar tsakiyar hunturu a Jos. Sai da na sayi barguna biyu da rigunan sanyi, kuɗin da ba na cikin lissafi.

Ɗan Azhar

Umma, shekarata biyar a nan ina karatu, kuma na sha tarbar baƙi daga gida. Bari in ɗora a kan maganar Baba.

Yawancin mutanenmu Madinatu Nasr suke sauka, musamman Hayyul Ashir da Hayyus Sabi', saboda nan ɗalibai suka fi yawa kuma haya da sauƙi. Za ki ji Hausa a kan titi, za ki sami mai tuwo. Amma don yawon buɗe ido da ƙananan yara ban ba ki shawarar Ashir ba. Tana da nisa da jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira metro, kuma abin da kika rage a haya zai tafi a kuɗin mota, ga cunkoso. Dokki ko Abbasiyya ko kusa da Tahrir sun fi, in dai za ku iya takawa zuwa tasha da ƙafa.

Metron layi uku ne. Tashar Sadat tana ƙarƙashin dandalin Tahrir, ta Mar Girgis tana kusa da masallacin Amru bin As, ta Babush Sha'ariyya kuma ita ce za ta kai ku kusa da tsohon gari. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragun mata zalla, ke da 'yarki da tagwaye za ku sake a can. Ku guje shi da sassafe da kuma bayan la'asar lokacin tashin ma'aikata. In za ku hau mota, Uber ko inDrive sun fi tasi, domin kin ga kuɗin tun kafin ki shiga, ba ja-in-ja. Sai dai ku shida ƙaramar mota ɗaya ba za ta ɗauke ku ba.

Maganar gida: akwai dillali, simsar suke ce masa, yana da nasa la'ada, akwai kuma bawwab, mai gadin bene, shi ma ana ɗan ba shi wani abu. A tambaya tun farko ko kuɗin wuta da gas suna cikin haya. Kada a tura wa kowa kuɗi daga Najeriya sai wanda aka amince da shi ya je ya ga gidan da idonsa, ya kunna famfo, ya gwada na'urar ruwan zafi.

Sannan ina roƙon alfarma, ba don kaina kaɗai ba. In aka haɗa ku da ɗalibi, a tuna karatu ya kawo shi. Jarrabawarmu tana faɗowa wajen Janairu da kuma Mayu zuwa Yuni. Na san wanda ya bar darasi kwana bakwai yana rakiya, yana biyan kuɗin motarsa daga aljihunsa, aka sallame shi da "Allah ya yi albarka". Addu'a muna so ƙwarai, amma a yi magana a fili tun farko: kwana nawa ake buƙatarsa, me za a ba shi. Kwana biyun farko sun isa ya nuna muku hanya, ya saya muku layin waya ta hanyar nuna fasfonku, ya kai ku inda za ku canza kuɗi.

Hajiya, Katsina

'Yata, ni labarin dalar Giza zan ba ki, don a nan aka cuce mu. Da jikokina biyu na je. Muna shiga wani mutum ya taso da fara'a, ya naɗa wa yaron rawani a ka, ya ce kyauta ce. Kafin in buɗe baki ya ɗora su a kan raƙumi. Mun yi ciniki a tsaye, ya faɗi kuɗi na ce to. Da aka dawo sai ya ce ai wannan na mutum ɗaya ne, kuma na zuwa ne kawai, dawowa daban, hoto daban. Raƙumin yana tsaye bai gurfanar da shi ba, yarinyar tana can sama ta ƙanƙame sirdi tana kuka tana kiran "Hajiya, a sauke ni". Wa zai tsaya ciniki a wannan hali? Na ba shi ninki uku. Har yau in na tuna fuskar yarinyar nan raina yana ɓaci.

Saboda haka kafin yaro ya taɓa dabba a gama magana: mutum nawa, minti nawa, zuwa da dawowa, da fam ɗin Masar, wato kuɗin ƙasar, kuma sai an sauka a biya. Wanda ya miƙo miki abu ya ce kyauta, ki ce "la, shukran" ki wuce, kada ki karɓa a hannu.

Amma wurin kansa ya cancanci zuwa. Na girma ina jin labarin dalar gyaɗa ta Kano, sai ga ni a gindin dalar dutse da aka gina fiye da shekara 4,500, kowane dutse na ƙasa ya kusa kai ƙirjina. Ku je da safe da zarar an buɗe, da ruwanku da abincinku. Shiga cikin babbar dalar tikiti ne daban mai tsada, hanya ce matsattsiya a sunkuye, a ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse wayam. Da tagwaye kada ma ku fara.

Ɗan Azhar

Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ƙari kawai: a 2025 an mayar da babbar ƙofar shiga ta ɓangaren hanyar Fayyum, kuma akwai motocin bas da ke zagayawa da mutane a ciki, don haka ba dole sai raƙumi ko keken doki ba. Muhimmin abu kuma, manyan wuraren tarihi yanzu da katin banki ake sayen tikiti, ba sa karɓar tsabar kuɗi. Yaro ƙasa da shekara 6 kyauta yake shiga, ɗalibi kuma rabin kuɗi, don haka a zo da katin makarantar manyan biyun.

Baban Yara, Kaduna

Wannan ta kati ta same ni. Katina na naira ya ƙi aiki a bakin taga, mutane na bayana a layi, sai wani bawan Allah ya biya mana da nasa na ba shi kuɗi a hannu. Ku je bankinku ku tabbatar, ko ku buɗe katin dala. Tun da hukumomin Masar suka saki farashin fam a Maris 2024, dalar Amurka ɗaya ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, canjin banki da na ofisoshin canji ya wadatar, babu dalilin bin 'yan bayan fage. Ku riƙa canzawa kaɗan-kaɗan.

Malamin Makaranta, Maraɗi

Salamu alaikum. Mu ta Kano muka bi muka hau jirgi, ni da iyali da ɗiya biyu. Ni ra'ayina ya ɗan bambanta: kwanakin da suka fi yi mana daɗi kusan ba mu kashe komai ba. Mun yi sallar Juma'a a masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a shekarar 970, muka tsallaka masallacin Husaini, muka bi titin Mu'izz da ƙafa har Babul Futuh bayan magariba an kunna fitilu. Wata rana muka ziyarci kabarin Imam Shafi'i, wata rana masallacin Ibn Tulun, inda yara suka yi ta gudu a filin tsakiya babu mai tsawata musu. Lambun Azhar kuɗin shigarsa kaɗan ne, daga kan tudun kana hango ganuwar Salahuddin da hasumiyoyin gari, ga ciyawa ga wurin wasan yara.

Gidajen tarihi kuwa ku zaɓi ɗaya ko biyu, yara suna gajiya, tikitin baƙo kuma ba arha ba. Sabon babban da ke kusa da dala, wanda aka buɗe a Nuwamba 2025, can kayan Fir'auna Tutankamun suke. Mu na unguwar Fusɗaɗ muka zaɓa, inda aka kai gawarwakin sarakuna da sarauniyoyin zamanin Fir'auna su 22 a 2021. Ana sauka wani ɗaki mai duhu, ba a magana da ƙarfi. Ɗiyata ta tsaya a gaban Ramsis na Biyu, gashin kansa yana nan, farcensa yana nan, ta kama hannuna ta ce, "Baba, shi ne na Annabi Musa?" Na ce mata wasu suna faɗin haka, wasu suna cewa wani ne, Allah ne masani. Har muka iso gida tana yi mini tambayoyi a kan surar Yunus.

A kasuwar Khan Khalili ku kalla da ido. Sayayya ta gaske a kasuwannin Ataba da Muski ake yi, inda 'yan gari suke saye. Littattafai kuma bayan masallacin Azhar, amma a tuna da nauyin kaya a filin jirgi. Abincin rana koshari ya ishe ku: shinkafa da taliya da wake iri biyu da soyayyar albasa da miyar tumatir, babban kwano ɗaya yana ƙosar da yara biyu.

Anti Nas, Zariya

Yaya, ni ta fannin lafiya zan shigo. Ruwan roba za ku riƙa ba yara, ku sayi manyan jarkoki a shago ya fi sauƙi. Ku tafi da gishirin nan na haɗa ruwan gudawa da maganin zazzaɓi. Mafi muhimmanci, maganin maleriya. An tabbatar Masar ta rabu da ita a 2024, amma yaro yana iya tafiya da ita a jikinsa daga gida ta tashi a can. Ɗana ya yi zazzaɓi a kwana na huɗu, na zaga kantin magani uku ban sami irin wanda muka saba ba. Ku ga likitanku kafin tafiya ya rubuta muku. Tramadol da makamantansa kuwa ko ƙwaya ɗaya kada ta shiga jaka, kuma kada ku karɓi saƙon kowa a filin jirgi, dokarsu a kan wannan ba sassauci.

Tsallaka titi shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Motoci ba sa tsayawa. Ku ɗauki tagwayen a kafaɗa, ku jira 'yan gari su taka ku bi gefensu. Na rubuta adireshin gida da lambar waya da Larabci na sa wa kowane yaro a aljihu. Kuma kada ku fita kullum. Kwana biyu a fita, kwana ɗaya a zauna a yi wanki a huta.

Maman 'Yan Biyu, Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa maigida jiya da daddare, har ya ɗauko biro. Mun rage kwanakin zuwa takwas, za mu nemi gida a Dokki, mu tafi hutun Disamba da rigunan sanyinmu. Ɗana na Azhar, na ji maganarka, in sha Allahu ba za mu zalunci ɗan kowa ba. Tambaya ɗaya ta rage: yaran sun dage sai sun shiga jirgin ruwa a kogin Nilu. Na abincin dare da muke gani a hoto ya fi ƙarfinmu. Akwai wani?

Ɗan Azhar

Akwai, Umma. Faluka sunansa, kwale-kwale ne mai filafilan zane, iska ke tura shi. Ana samunsu a bakin kogi wajen Garden City da Ma'adi. Jirgin gaba ɗaya ake haya na awa guda, ba a ƙirga kai, ku shida kuɗi ɗaya ne. Ku je saura kaɗan rana ta faɗi, ku tafi da filas ɗin shayi, a gama ciniki kafin a taka jirgin, kuma ku ce a ba tagwaye rigar ruwa.