Makarantar 'yata ta ce a kawo fafaffiyar kabewa, wa ya taɓa yi?

Maman Hanifa, Ohayo, Amurka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda suka taɓa yi da hannunsu nake nema. Hanifa tana aji biyu, malamarsu ta aiko takarda cewa ranar Juma'a 31 ga Oktoba, ranar bikin Halloween da yara ke bin gida-gida karɓar alewa, duk yaron da ke so ya zo da kabewar da aka fafe aka yi mata zane, za a jera su a aji a kunna fitila a ciki. Ba dole ba ne, amma yarinyar nan kwana uku ke nan ba ta da wata magana. Matsalata ita ce aikin dare nake yi daga Litinin zuwa Alhamis, ranar Lahadi kawai nake da sarari. In na fafe ta ranar Lahadi za ta kai Juma'a ba ta ruɓe ba? Muna hawa na uku, ba mu da baranda, kuma mai gidan ya hana kunna kyandir. Fuskar dodo ba na so, wata da taurari muka shirya yi. Ko dai in haƙura a shafa mata fenti kawai?

Hajiya Uwani, Filadelfiya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abu mai sauƙi. Ki yanke saman a karkace don kada murfin ya faɗa ciki, ki kwashe 'ya'yan da cokali, ki ajiye a baranda sanyi ya riƙa bugunta. Da magariba ki sa kyandir. Shekara huɗu ina yi wa jikokina.

Maman Hanifa: Na gode Hajiya, sai dai barandar ce babu, kyandir ɗin ma an hana.

Sani Mai Tasi, Buronks: Baiwar Allah, kafin ki taɓa wuƙa ki ji nawa. Shekara uku da suka wuce ɗana ya matsa mini kamar yadda taki ke yi. Na dawo aiki ƙarfe tara na dare, na ɗauko wuƙar da uwargida ke yanka nama, ita ce mafi kaifi a gidan. Na kwashe cikin kabewar da hannu, hannun duk yauƙi, ban goge ba. Ina cikin yanka idon na biyu wuƙar ta maƙale a ɓawon. Na danna da ƙarfi, wuƙar ba ta motsa ba, hannuna ne ya zame daga ƙota ya hau kan kaifin. Ban ma ji zafi ba da farko. Sai da na ga ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun ƙi lanƙwashewa, sannan na san an yi ɓarna. Jijiya biyu suka tsinke. Aka yi tiyata, aka ɗaure hannun, wata biyu ban riƙe sitiyari ba, kuɗin hayar mota kuwa bai tsaya jirana ba. Takardar asibiti da ta zo daga baya, ko da inshora ta cire nata, sai da na ci bashi wajen mutanen garinmu. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Yaron nan ya ɗauka shi ya jawo, ya yi sati yana leƙo ni daga bakin ƙofa ba ya shigowa. Har yau in sanyi ya sauka yatsun sai sun sandare, carbi ma da hagu nake ja.

Hajiya Uwani: Subhanallahi. Allah ya ƙara sauƙi Malam Sani.

Zainabu, Mineyafolis: Allah ya kyauta gaba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma irin wannan yankan ba baƙo ba ne a ƙarshen Oktoba. Kaifin wuƙa shi ne haɗarin. Akwai ɗan ƙaramin zarto da ake sayarwa musamman don wannan, haƙoransa na cin ɓawo amma ba ya shiga nama kamar wuƙa. A busar da hannu, a busar da kabewar, kada ɗaya hannun ya kasance a ciki daidai inda ake yanka. Yaro ya zana da alƙalamin maka, ya kwashe 'ya'ya, yankan na babba ne.

Sani Mai Tasi: Zarton ma a bar shi. Wallahi kayan miya bai kai a rasa yatsa a kansa ba.

Baban Walid, Atlanta: Dala biyar na sayi tawa a babban kanti, ƙatuwa, da kyar na rungumo ta. Zarton da cokalin kankara dala huɗu.

Hajiya Uwani: Dala biyar a ina? Mu gona muka je bara, auna ta suka yi a sikeli, guda ɗaya dala goma sha takwas, ban da kuɗin shiga.

Baban Walid: Hajiya ai ba kabewa kika saya ba, hawan tarakta da ɗaukar hoto kika biya.

Aminu, Kano: Dala sha takwas kabewa ɗaya, kuma a huda ta a zubar? A turo mini kuɗin, gobe in shiga 'Yankaba in cika muku buhu, har da alayyafo da yakuwa gyara. Ku dai ku faɗi inda za a kawo miyar taushen.

Zainabu: Aminu ba irin tamu ba ce. Wadda ake fafewa an noma ta ne don girma da faɗin ciki, namanta siriri, ga ruwa ga zare-zare. Na taɓa yin taushe da ita, salam kamar an dafa ruwa. Ta ci ita ce ƙarama mai nauyi, ko doguwar nan mai wuya kamar gora. Wadda aka fafe ta kwana a buɗe kuwa ba a cin ta sam. 'Ya'yan dai a wanke a gasa da gishiri, suna da daɗi.

Inna Delu, Maradi: Ni ban taɓa ganin wannan ba, amma kakata zanen ƙwarya ne sana'arta, a gabanta na tashi. Duma sai ya bushe ƙamas kafin a fafe, a kankare cikin, sannan ta sa ƙarfe a wuta ta riƙa zana shi. Ba ta hudawa. Ke ma kankare bayan kawai, ki cire fatar sama a siffar watan, ki rage kaurin naman daga ciki, haske zai ratso. Kuma ki yi da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Baban Walid: Inna, da girmanki, wannan goran ranar tafiya ake fafe shi. Kabewa ɗanya ce. A cikin ɗaki mai hita kwana uku ta fara fumfuna, bakin ya yamutse, ƙananan ƙudaje su cika gida. Shawara a bar wa waɗanda ke nan.

Inna Delu: Waɗanda ke nan ɗin ne suka yanke yatsu, ɗana.

Zainabu: Gaskiya maganar kankarewar daidai ce, masu gwaninta haka suke yi. Maman Hanifa, in firjinki zai ɗauka, ki sayi matsakaiciya, ki shafa basilin a inda aka yanka, ki sa ta a leda cikin firji. 'Yar fitila mai batir ta isa.

Malam Idi, Shikago: Duk kun tsallake tambayar da ya kamata a fara yi. Me ya haɗa ɗan Musulmi da wannan? Asalinsa daga ƙasar Ailan ne, can wata saiwa suke fafewa su yi mata fuska su sa wuta, wai don korar miyagun ruhohi a wannan daren. Da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 suka tarar da kabewa ta fi sauƙin aiki. Canza fuskar zuwa wata bai canza ranar ba.

Hajiya Uwani: Malam, shekarata ashirin da shida a ƙasar nan. Na raini waɗanda aka hana komai, na ga yadda suka koma yi a ɓoye. Ai yaranmu ma suna bin gida-gida da tashe.

Malam Idi: Tashe a watan azumi ake yi Hajiya, kada a haɗa. Daɗewa a ƙasa kuma ba fatawa ba ce.

Maman Hanifa: Don Allah kada a yi faɗa a kaina. Ban ce za ta fita yawon alewa ba. Ita kaɗai ce mai ɗankwali a ajin, ba na so ta zama ita kaɗai ce kuma ba ta kawo komai ba.

Rabi, Indiyana: Nan ne inda ke yi mini ciwo. Mu kullum mu ne masu bi. Oktoba kabewa, Disamba musayar kyauta, Fabrairu kati ashirin da biyar da sunan kowane yaro. Amma ranar ƙaramar Sallah da na bar nawa a gida, sai ga saƙo wai ba su zo makaranta ba, in kawo dalili a rubuce. Ɗana na biyu ma ranar aka sa musu gwajin lissafi, yana cire sabon kaya yana kuka.

Sani Mai Tasi: Mu a birnin Niyok tun 2015 aka sa Sallah biyu cikin ranakun hutun makarantun gwamnati. Ba kyauta aka ba mu ba, iyaye sun yi shekaru suna zarya.

Rabi: Ku kuna da yawa. Mu gida huɗu ne a makarantar, biyu Somaliyawa, kuma ko taron iyaye aka kira ni kaɗai nake zuwa.

Maman Hanifa: Zainabu, firjin nawa ƙarami ne, sai na cire faranti ɗaya. In na kankare ranar Lahadi na bar hudawar sai Alhamis da yamma kafin in fita aiki fa?

Malam Idi: Rabi, waɗancan gida ukun kin taɓa zuwa kin same su, ko a taron kike jira su zo?