Neman shawara: zan iya sa wa tsohuwar Hilux ɗina esi ba tare da na kashe injin ba?

Ɗanlami, Farin Gada: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da a-kori-kura Toyota Hilux mai ƙofa biyu, ƙirar ƙarshen shekarun 1980, injin fetur 22R mai kafireto. Haka aka ƙero ta babu esi, wato na'urar sanyaya cikin mota. Da ita nake kai dankalin turawa da kabeji daga Jos zuwa Abuja. A gida ba ni da matsala, kun san Jos, in ka sauke gilas ya wadatar. Amma da an gangara Hawan Kibo an nufi Akwanga sai labari ya canza, kafin a fita daga cunkoson Mararaba da Nyanya a watan Maris ko Afrilu riga ta jiƙe sharkaf. Wani mai gyaran esi ya ce zai haɗa min komai cikin kwana biyu. Bakanikena kuma ya ce in na kuskura na sa, injin zai riƙa tafasa. Maganar wa zan ɗauka? Da motar nan nake ciyar da iyali, ba na son gwaji.

Baba Audu bakanike, Dilimi: Wa alaikumus salam Ɗanlami. Dukkansu biyu gaskiya suka faɗa maka, kowa iyakar aikinsa ya duba. Esin zai shiga, domin irin wannan Hilux akwai waɗanda suka fito daga kamfani da shi, wurin ɗaura kwamfiresa, wato famfon gas ɗin esi, yana nan a jikin 22R. Abin dubawa shi ne lafiyar ruwan injinka.

Kwandensar esi a gaban lagireto ake ɗaura ta. Duk zafin da aka kwaso daga cikin mota a nan ake zubar da shi, iskar da za ta isa lagireto ta riga ta ɗumama ke nan. Ga kwamfiresa kuma tana jan nata rabon daga injin da ƙarfinsa wajen doki 100 ne tun yana sabo, balle yanzu. To kafin ka sayi ko da tiyo ɗaya, yi wannan: ranar da kake dawowa da kaya a baya, tsakar rana, sa ido a kan allurar zafi tun daga gindin Hawan Kibo har ka haye. In ta wuce rabi alhali babu esi, ajiye maganar sanyi tukuna, kuɗin lagireto ne. A kwance shi a wanke ramukansa, in ya ci tsatsa a sauya da mai layi uku. A duba famfon ruwa da kulocin fanka. Sannan robar nan da ke zagaye da fanka, wadda yara ke cirewa su jefar wai tana tare musu hannu, a nemo a mayar, ita ke sa fanka ta jawo iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe. Kuma kar ka yarda a cire maka tamostat, mai daidaita zafin ruwan injin, da sunan maganin zafi. Ɓoye ciwo ne kawai, a sanyin Jos ma injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya yi ta shan mai.

Alhaji Garba, Bukuru: Ni dai da za ka ji tawa, Ɗanlami, da ka haƙura. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa lissafin lita yake yi, kai kuma za ka ƙara wa injin kafireto nauyi? Sayi 'yar fanka ka maƙala a dashbod, ka riƙa yin sammako. Kuɗin ka zuba a taya da birki, su ne ke kashe mutane a Hawan Kibo, ba gumi ba.

Sadik mai esi, Apo: Alhaji, maganarka a kan birki dutse ce, kuma shan mai zai ƙaru, musamman a cunkoso. Amma akwai abin da mutanen Jos ke mantawa: da damina, in ruwa ya tsuge ka rufe gilas, gilashin gaba ya yi hazo kana goge shi da tsumma kana tuƙi. Esi yana busar da iskar cikin mota, hazon ya washe nan da nan. Wannan ma tsaro ne.

Oga Ɗanlami, ga ɓangarena. Hanya biyu ce. Ko dai a samo cikakken saiti daga Hilux irin taka da aka kwance, ko a sa irin akwatin nan da ake rataya a ƙarƙashin dashbod, fanka da ebaporeta mai sanyaya iskar duk a cikinsa. Motarka kai ɗaya ce, wurin zama kaɗan ne, na ratayawar ya ishe ta har ka nemi a rage. Abin da zan nace maka a kai shi ne ƙarfen da ke riƙe kwamfiresa. Nemi na asali na 22R, da fulin da ke da ramin bel na ƙari. In mai walda ya ƙaga maka nasa ya kauce ko da kaɗan ne, bel zai yi ta kuka yana cinyewa ta gefe ɗaya.

Gas kuma R134a za a sa. Motocin zamanin taka da R12 suka fito, wanda aka daina bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, kamfanonin mota suka koma R134a a farkon shekarun 1990. Man da kwamfiresar R12 ke amfani da shi daban yake da man PAG na R134a, ba sa jituwa. Saboda haka in kwamfiresar tsohon saiti ce, sai an zubar da tsohon man an wanke layin. Diraya, wadda ke tsotse danshi daga gas, sabuwa dole, ba a sa ta hannu. Kafin a ɗura gas a ja iska da injin bakyum aƙalla rabin awa, a kashe, ka tsaya da kanka ka ga ko allurar geji za ta motsa. In ta motsa akwai yoyo. Duk wanda ya ce maka babu buƙata, ya buɗe gwangwani ya fara ɗurawa, ɗauki makullinka ka tafi. Kuma ka karanta jikin gwangwanin. Akwai masu ɗura R600a na firji, wanda wuta yake kamawa, ko R22 na esin gida, wanda matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota.

Musa rewaya, Zuba: Ƙari a kan na Sadik. Altanetar tsofaffin nan ƙarama ce, an yi ta ne don fitila da hon. Fankar ciki da fankar kwandensa da kulocin kwamfiresa in suka haɗu za su iya jan amfiya 20 ko fiye. Da dare a gosilo, fitila a kunne, batir ne zai biya bashin. A auna cajin, in bai kai ba a sa babba. Kowace fanka da rilenta da fiyus ɗinta, kar a jona waya kai tsaye a bayan makulli. A sa suwicin matsi, shi ke kashe kwamfiresa in gas ya tsiyaye ko matsi ya yi yawa.

Ɗanlami: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Audu, allurar takan ɗan haura rabi a hawan, amma ba ta taɓa kai ja ba. Sannan mai esin nan ya ce faɗuwar silo, wato gudun injin in mota na tsaye, idan esi ya kama ba matsala ba ce, zai murɗa sukurun ya ɗaga shi. Haka ne?

Baba Audu: A'a, ɗana. In ya murɗa sukuru, silon zai zauna a sama ko esi na aiki ko ba ya yi, kana ƙona mai a banza tun daga Jos. Akwai 'yar na'ura mai aiki da iskar injin da ake ɗaurawa a jikin kafireto, tana ɗaga silo ne kawai lokacin da kwamfiresa ta kama. Ka sa a haɗo maka da ita wurin masu kayan Beljiyam, tare da ƙarfen da Sadik ya faɗa. Allurar da ke haura rabi kuwa, ta riga ta ba ka amsa: lagireto farko. Bayan an gama komai ma, in kana hawan da lodi, kashe esin har ka kai sama.

Sadik: Abu ɗaya da na manta. Gobe in ka yi tafiya, taɓa ƙasan motar kusa da giya ka ji zafin da ke tasowa. A shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kafet, a toshe ramukan da wayoyi ke bi daga wurin injin, a sauya robar ƙofofi. Tiyon da ke fitar da ruwan akwatin kuma a huda masa hanya ya fita waje, in ba haka ba a ƙafar yaron motarka zai riƙa ɗiga.