Masu lodi da masu sauke kaya a Ikko, ku zo mu ji ta bakinku

Ɗan Agege: Salamu alaikum jama'a. Duk wanda abincinsa ke kan hanya a garin nan ina so ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa. Gwamnatin jiha ta dage da zancen tsarin sufuri, layin jirgin ƙasa na Blue Line ya fara ɗaukar mutane daga Marina zuwa Mile 2 a 2023, Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo a 2024, ana ta maganar Green Line da za ta nufi Lekki, ga gadar Fourth Mainland da tun muna samari ake ce mana tana tafe. To amma duk wannan na fasinja ne. Kaya fa? Tumatir, shanu, kwantena, mai, wa ke musu tsari, kuma nan da shekara goma ina za su bi?

Direban kwantena: Wa alaikumus salam Malam. Wanda bai yi layin Apapa ba tsakanin 2017 da 2019 wlh bai san wahalar mota ba. Layi ya taso daga bakin fot, wato tashar jirgin ruwa, ya hau gadar Ijora ya bi Western Avenue ya wuce Ojuelegba har ya kama hanyar Ikorodu, a ƙarƙashin mota muke kwana, wanka da fiya wata, sallah a gefen taya, kuma ba ka isa ka bar motar ba don kafin ka dawo an kwance batir ko an zuƙe maka gas. Abin da mutanen gari ba su gane ba, da yawa daga cikinmu ba kaya muka je ɗauka ba, kwantenar da babu komai a ciki muka je mayarwa, don in ba a mayar a kan lokaci ba kuɗin ajiyar da mai kaya ya bayar narkewa yake. Babu filin da za a tara su a waje, shi kenan titi ya zama gareji. Da aka kawo Eto, wato tsarin kiran mota zuwa fot, a Fabrairun 2021, ka yi bukin ta waya, ka jira a gareji irin Lilypond sai an kira ka, gaskiya an samu sauƙi sosai, ba zan ci amana ba. Sai dai 'yan tsakiya sun shigo, tikiti ya zama haja, ga masu tare hanya kowa da sandarsa da rasit ɗinsa.

Ɗan Agege: Oga, titin kankare da aka yi daga Apapa zuwa Oshodi bai taimaka ba?

Direban kwantena: Ya taimaka wa sifirin da taya kam. Amma titi mai kyau ba wurin kwana ba ne.

Alhaji na Mile 12: Ni kayan gwari nake saukewa, tumatir daga Kadawa da Kura da wajen Zariya. Mota ta taso ta bi Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho, Badun, duk ta sha wannan tafiyar lafiya sai a zo doguwar gadar Kara a ƙofar gari a tsaya cak. Tumatir ba kwantena ba ne da zai jira ka, rana ɗaya ta dake shi a kwandon kaba na ƙasa ya zama miya tun kafin ya ga tukunya. In an samu an shigo kuma kasuwar Mile 12 ta yi wa motocin kaɗan, ka ga tirela a bakin titi 'yan dako na ta gudu da kwanduna tsakanin danfo da BRT, Allah ne kawai ke tsarewa. Tun 2016 zamanin Ambode ake cewa za a mayar da mu Imota, yanzu kuma ga babbar cibiyar kayan abinci da suke ginawa a Epe. Ni ban ƙi ba fa, in da ɗakin sanyi da filin fakin ai mu ne da riba. Abin da nake tambaya kullum, mai sayen kwando biyu daga Mushin ko Ajegunle wace mota za ta kai ta Epe ta dawo da ita kafin azahar? In ba a amsa wannan ba ka gina kasuwar zinare ma mutane za su koma sauke kaya a bakin titi. Kuma su tuna 2021 lokacin da aka tsayar da motocin abinci a Jebba bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun, 'yan kwanaki kaɗan kowa ya ji a aljihunsa.

Hajiya mai abinci, Idi-Araba: Alhaji kamar ka shiga zuciyata. Ni ce mai kwando biyun nan. Da can ɗan acaba zai ɗaura min buhu ya kawo har ƙofa, tunda aka hana su a 2022 sai danfo, in biya kujerata in biya ta kwando, kwandasta na ta ƙunƙuni wai na ɓata masa mota da ruwan tumatir. Jirgin ƙasan nan mai kyau ne, na hau na ji daɗi, amma ba a yi shi don mai buhun albasa ba. Kasuwar da suka buɗe a Idi-Oro ƙarshen 2023 ta ɗan rage min tafiya, irinta ya kamata a zuba a kowace unguwa, ƙananan motoci su riƙa kawo kaya da daddare.

Mai tanka, Eleko: Ku duk labarin jiya kuke. Ku zo Lekki ku ga gobe. Tashar jirgin ruwa ta Lekki ta fara aiki 2023, matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana tana nan, kamfanin taki na nan, ga rukunin gidaje sai tsirowa suke, kuma kusan duk a kan hanyar Lekki zuwa Epe muke haɗuwa, tanka da kwantena da tifar yashi da motar ɗan makaranta. Mu masu zuwa Arewa Epe muke bi mu fita Ijebu-Ode, ba ma son shiga gari ko kaɗan, amma har yau babu layin dogo da ya shiga tashar. A 2025 an yi ta kai ruwa rana tsakanin gwamnati da ƙungiyoyinmu kan kuɗin kiran mota na wannan hanyar. Ni ra'ayina a biya, matuƙar garejin na gaske ne, da ruwa da banɗaki da masallaci da tsaro, ba fili a kewaye da langa-langa a ce mana fak ba. Wanda ya ga gobarar tanka a gadar Otedola a 2018 ba zai so tanka ta kwana a cikin mutane ba.

Baba mai shanu, Oko-Oba: Yara ba ku sani ba, da a jirgi shanu ke zuwa, layin ma ga shi nan ya ratsa Agege. A 2016 an sake gwadawa daga Gusau har nan, muka yi murna, sai aka ji shiru. A mota sa na isowa ya rame, wani ya karye, wani sai an yanka a hanya.

Yaron kiliyarin: Baba gaskiyarka. Ni takardun 'yan kasuwar Kwari da Singa nake bi a fot, kuma abin da ke ba ni mamaki an buɗe tashar tsandauri a Kaduna 2018, an buɗe ta Dala a Kano 2023, amma sabon layin dogon daga Apapa a Moniya ta Badun ya tsaya. Jirgi ya kai kwantena Moniya, tirela ta ɗauka ta ƙarasa, an biya ɗorawa da saukewa sau biyu, sai mai kaya ya ce ka ɗora min a mota tun daga Apapa kawai. Baji da ke ɗaukar kwantena ta ruwa zuwa Ikorodu ya rage wani abu shi ma. Matsalar dai fot da layin dogon kaya na tarayya ne, titunan cikin gari na jiha, ƙofar shigowa kuma ƙasar Ogun ce, in ba su zauna tebur ɗaya ba kowa nasa zanen yake yi.

Direban kwantena: Kai ƙanena, so kake jirgi ya cinye mana abinci ke nan?

Yaron kiliyarin: Haba Yaya, jirgi zai kai kaya ƙofar shago a Sabon Gari ne? Ku ne dai za ku ɗauka daga tasha, gajeriyar tafiya, ka kwana a gidanka.

Direban kwantena: Gajeriyar tafiya gajeren kuɗi, mai mota ma ba zai yarda ba. Mai tanka, dan Allah a wajen Eleko wane gareji ne ke karɓar motar kwantena? Sati mai zuwa ina da lodi a Lekki kuma ban taɓa shiga ta Epe ba.

Mai tanka, Eleko: Akwai, amma ka yi bukin kafin ka baro Ijebu-Ode, kuma ka cika tanki tun can, gas ɗin nan gefen ya fi tsada. In ka iso ka yi min magana.