Wace kalma za mu sa a madadin "accountability" idan ɗan sanda ya harbi wanda bai ji ba bai gani ba?

Mai zare:
Jama'a, kalma ɗaya ce ta hana ni sakat. Duk lokacin da ɗan sanda ya harbi wani ba gaira ba dalili, masu Turanci sai su ce suna neman "police accountability". Mu kuma masu fassara labarai a Kano kowa da tasa. Wannan gidan rediyo ya ce riƙon amana, wancan ya ce ɗaukar alhaki, wani ya ce bin diddigi, wani ma ya tsallake kalmar gaba ɗaya kamar ba a faɗe ta ba. Ina so mu tsayar da guda wadda tsohuwa a Yakasai za ta ji ta san abin da ake nufi, lauya ma ya ji bai yatsine fuska ba.

Abin da kalmar ta ƙunsa a fahimtata shi ne a samu wanda zai kira mai bindiga ya tambaye shi, dole kuma ya amsa, in amsar ba ta gamsar ba a hukunta shi, a kuma biya wanda aka cuta. Ku kawo shawara.

Wata malamar makaranta daga Gwale:
Malam, ai riƙon amana ya riga ya zauna. "Gaskiya da riƙon amana" kullum muna ji a bakin gwamnati. Me ya sa za mu nemi sabuwa?

Mai zare:
Malama, shi ya sa nake gudun ta. Riƙon amana hali ne, kamar kunya ko haƙuri. Mutum yana da shi ko ba shi da shi, ba kuma a kai shi kotu don ba shi da shi. Idan muka rubuta cewa iyalan mamaci suna neman 'yan sanda su riƙe amana, mai sauraro zai ji kamar wa'azi ake yi musu su gyara hali nan gaba. Alhali iyalan suna cewa ne a fito da wanda ya ɗana kunamar, a faɗi sunansa, a biya su. Kalmar ta fi dacewa da bakin mai yabon kansa a wurin rantsuwar kama aiki.

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari:
Ni dai a wurinmu abin a fili yake. Yaron da na bar wa shago, da yamma sai mun zauna ya ba ni lissafi: yadi nawa ya fita, kuɗi nawa ya shigo. In an samu giɓi ba na tambayar ko shi mutumin kirki ne, bayani nake so, in babu bayani a cire a kuɗinsa. Shi ma ɗan sanda ai ƙirga masa harsashi ake yi a ma'ajiyar makamai kafin ya fita, ya sa hannu, in ya dawo a sake ƙirgawa. To ku ce hisabi mana. Hisabin 'yan sanda.

Mai zare:
Alhaji, ta ɓangaren ma'ana ka harbi tsakiya, don ita ma ta Turancin daga lissafi ta fito. Matsalar kunnen Bahaushe ce. Ka je gidan makoki ka ce "akwai hisabi", kowa zai gyaɗa kai ya ce ƙwarai, Allah ba azzalumin bawansa ba ne, a tashi taro. Mun riga mun aika kalmar lahira. Kuma wannan shi ne ainihin ciwon da muke fama da shi a nan: ana binne gawa kafin la'asar, dattawan unguwa su ce a bar wa Allah, magana ta mutu. Ba na so mu zaɓi kalmar da za ta taya su rufe bakin magana.

Wani lauya daga Gyaɗi-Gyaɗi:
Kafin ku zaɓi suna, bari in nuna muku abin da za a raɗa wa sunan, don ba a iska yake ba.

Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare rai. Sashe na 46 ya ba wanda aka take wa haƙƙi damar zuwa babbar kotu, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun sauƙaƙa hanya: dangi ko wata ƙungiya za su iya shigarwa a madadin wanda aka cuta, ba a kuma cewa lokaci ya wuce. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ita ce ke da ikon ladabtarwa da korar kowane jami'i in ban da Sufeto Janar. Akwai sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta buɗe a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase. Umarnin rundunar mai lamba 237, wanda ya tsara yaushe ake harbi, an sake masa fasali a 2019 aka taƙaita harbin kisa ga inda rai ke cikin haɗari ko ake fargabar mummunan rauni. Sannan Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda a Satumbar 2020, ta maye gurbin wadda muka gada tun 1943.

Wato a takarda ba a bar komai ba. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan ka ci shari'a. Alƙali ya ce a biya ka miliyan kaza, ka fito kana murna, sai ka tarar da sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu: kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai Antoni Janar ya amince. Ka ga wanda ka kayar a kotu, lauyan gidansu za ka je roƙo ya ba ka izinin karɓar kuɗinka. Don haka duk kalmar da za ku zaɓa, in ba ta kai ga biya ba, ta tsaya a rabin hanya.

Wani mai adaidaita sahu daga Kurna:
Barista, Allah ya saka da alheri. Ni ba boko na yi ba amma na ga abin da idona. Abokin aikina ne, da daddare, a wani shinge. Sun ce ya tsaya, shi ya ce bai ga fitilar ba. Harsashin ya shiga ta bayan kujera ya fasa masa ƙashin cinya. Mu muka ɗauke shi, muka ɗaure ƙafar da rawanin wani fasinja. A asibitin farko suka ce sai mun kawo takardar 'yan sanda. Washegari sai ga mutum biyu cikin farin kaya sun zo dubiya, da ledar lemo da ambulan. Matarsa ta buɗe a gabana, ko kuɗin ƙarfen da za a sa masa a ƙafa bai kai ba. Suka ce bindigar ce ta tashi da kanta, a yi haƙuri. Har yau bai san sunan wanda ya harbe shi ba, kuma mai babur ɗin ya karɓe abinsa saboda balas ya taru. To wannan ambulan ɗin sunanta me a cikin Hausarku?

Wani lauya daga Gyaɗi-Gyaɗi:
Ɗan'uwa, sannu. Abu ɗaya ka riƙe saboda gaba: tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harbi ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Wanda ya kore ku ya karya doka. Kuma ƙarar abokinka ba ta mutu ba, in yana da katin asibiti da hoton ƙashi ya adana su.

Mai zare:
Tambayar mai adaidaita ta fi tawa nauyi. Ambulan ɗin nan jaje ne, ko a ce tallafi. Ba diyya ba ce, kuma ina roƙon abokan aikina mu daina rubuta "an ba iyalan diyya" duk lokacin da wani babba ya kai buhun shinkafa gidan gaisuwa. Jaje kyauta ce, mai bayarwa ne ke yanke nawa, a kuma yi masa godiya. Diyya bashi ce, wani ne ke yanke ta, kuma biyanta amsa laifi ne.

Wani malamin zaure daga Madabo:
Madalla da wannan bambancin. Ƙari a kai: aya ta 92 a Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta sauka, ba na ganganci ba. Wato cewa "kuskure ne" ba ya ɗauke diyya, shi ne ma yake tabbatar da ita. Raƙumi ɗari ce, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa. Kuma ba a ɗora wa wanda ya yi kisan shi kaɗai, aƙilarsa ce ke biya, wato danginsa na wajen uba, Sayyidina Umar kuma ya mayar da ita kan waɗanda sunansu ke rajistar runduna ɗaya da mutum. Ku duba ku gani in wannan bai yi daidai da a ce rundunar ce za ta biya ba.

Sannan lokacin da Khalid bin Walid ya kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaga hannu ya barranta daga aikin a bainar jama'a, ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya jini da asarar kaya. Kwamanda ne babba, ba a rufa masa ba. Saboda haka mai cewa neman diyya rashin tawakkali ne, ya sake karatu. Yafiya ta magada ce in sun ga dama, ba ta mai unguwa ba.

Wata 'yar jarida daga Bompai:
Yaya, ni kalmar da nake amfani da ita ita ce ba'asi. Tana tafiya ta fuska biyu, abin da sauran ba sa yi. Jama'a su bi ba'asi, hukuma ta ba da ba'asi. Kuma ba ƙirƙira ba ce, kullum muna cewa majalisa ta gayyaci wane ya ba da ba'asi, kowa kuma ya san ba gayyatar cin abinci ba ce. Akwai tilas a cikinta.

Ga misali. Matasa shida na Apo da 'yan sanda suka kashe a Abuja a Yunin 2005, da farko cewa aka yi 'yan fashi ne. Sai da kwamitin bincike ya bi ba'asi gaskiya ta fito, gwamnati ta ba kowane gida naira miliyan 3, amma hukunci bai zo ba sai Maris 2017, aka yanke wa 'yan sanda biyu kisa aka sallami uku. Wata lauya mai juna biyu da ɗan sanda ya harbe a Legas ranar Kirsimeti ta 2022 kuwa, kafin Oktoban 2023 ya wuce an yanke wa jami'in hukunci, don ƙungiyar lauyoyi ta tsaya kai da fata. Bambancin da ke tsakanin jiran sama da shekara goma sha ɗaya da jiran wata goma yana ga masu bin ba'asin.

Mu a nan fa? Bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020 an nemi kowace jiha ta kafa kwamitin shari'a ya saurari waɗanda 'yan sanda suka zalunta. Na Legas ya raba sama da naira miliyan 400. Kano tana cikin jihohin da ba su kafa ba, sai ka ce ba a taɓa harbin kowa a nan ba.

Wata malamar makaranta daga Gwale:
Na sauko daga riƙon amana. Amma ba'asi ba bayani ba ne kawai? Kakakin runduna ya fito ya ce "muna bincike, an tsare jami'in", ai shi ma zai ce ya ba da ba'asi. Me ya hana ɗaukar alhaki, ko bin kadi?

Mai zare:
Malama, wannan sukar ta kama, kuma ita ce raunin kalmar. Bin kadi kyakkyawa ce amma aikin dangi ne kaɗai, ba ta ɗora wa hukuma komai, wani lokaci ma tana ƙanshin ramuwa. Ɗaukar alhaki kuma mun riga mun ba ta wani aiki, ita muke sa wa in wata ƙungiya ta ce ita ta kai hari. Mutum zai ɗauki alhaki ya juya ya yi tafiyarsa. Bin diddigi aikin mai bincike ne. Titsiye da wani ya turo mini ta waya tana da daɗi a baki, sai dai ta fi kama da shirin rediyo.

Ga inda na tsaya. A magana ta gaba ɗaya, ba'asi: ba'asin 'yan sanda, ba'asin kuɗin gwamnati. Inda aka zubar da jini ko aka nakasa mutum, ba za ta fita ita kaɗai ba, sai da abokiyarta: ba'asi da diyya. Kalma uku ce, ta fi ta Turancin sauƙin faɗa, kuma ta toshe ƙofar da Malama ta hango, don kakaki ba zai iya cewa an gama ba alhali ba a biya ba. Ta kuma ba mu kishiyarta kyauta, wadda masu Turanci ke kira "impunity": kisan ba ba'asi.

A labari zai fito haka: "Iyalan matashin da aka harba a shinge suna neman ba'asi da diyya daga rundunar 'yan sanda." Ko: "Wata shida ke nan, ba ba'asi ba diyya."

Wani lauya daga Gyaɗi-Gyaɗi:
Na yarda, Malam, da sharaɗi ɗaya. Rundunar 'yan sanda ta tarayya ce bisa sashe na 214, don haka ku riƙa faɗin daga wa ake neman ba'asin: Kwamishina, Sufeto Janar, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. Mutane da yawa suna ɓata watanni suna zarya gidan gwamnatin jiha, alhali ba can bashin yake ba. Kuma ku raba "kotu ta yanke diyya" da "an biya diyya" a kanun labari, don tsakaninsu ne yawancin fayil ɗin da ke ofishina suke kwance.